Yashin kyanwa: mai saye daban, mai takawa daban

Duk wanda ya taɓa riƙe kyanwa a cikin ɗaki, irin wadda ba ta fita waje ta biya buƙatarta, ya san ciyar da ita shi ne ɓangare mai sauƙi. Aikin yana can lungu, cikin robar da aka zuba wa yashi. In lungun nan ya gyaru, zama da kyanwa daɗi gare shi. In kuwa ya ɓaci, tun daga bakin ƙofa hancinka zai gaya maka, kafin ka je ka tarar da jiƙa a kan kafet ko bayan kujera.

Sabo ne ya sa muke ce masa yashi, amma mafi yawan abin da ake sayarwa a buhu ba yashi ba ne. Akwai na yumɓu iri biyu, akwai na silika mai kama da ɓarɓashin gilashi, akwai na katako, na takarda, na masara, na alkama, na rogo, har da na dusar waken suya. Kowane buhu da alkawarinsa. Wannan ya ce yana ƙamshin furanni, wancan ya ce ba ya ƙura, na gefensa ya ce zai kai wata guda ba a canza ba. Duk wannan zancen da kai ake yi, mai biyan kuɗin. Ita kuwa wadda za ta taka shi da dagi, ta tona, ta sunkuyar da hanci har ya kusa taɓa shi, ta fito ta lashe abin da ya maƙale mata tsakanin yatsu, ba wanda ya nemi ra'ayinta. Daga nan yawancin rikicin yake tasowa.

Sana'ar ba ta daɗe ba. Kafin 1947 yashi na gaske, toka ko ƙasa ake zubawa, kuma warin da ke biyo baya ya sa mutane da yawa ba sa barin kyanwa ta kwana a ɗaki. A shekarar ne, a jihar Mishigan ta Amurka, wata mata ta je wurin maƙwabcinta Edward Lowe neman yashi, don sanyi ya daskarar da nata, tokar da ta koma wa kuma kyanwar na bi da ita ko'ina tana barin baƙin sawu. Lowe yana aiki ne a kasuwancin mahaifinsa, inda ake sayar da wani busasshen yumɓu da masana'antu ke barbaɗawa a ƙasa ya tsotse mai. Shi ya ɗebo ya ba ta. Da ta dawo neman ƙari, sai ya fara ɗura shi a jaka yana rubuta Kitty Litter a jiki. A 1984 kuma wani masanin kimiyya mai kiwon kyanwoyi, Thomas Nelson, ya fito da irin da ke dunƙulewa in fitsari ya taɓa shi a kasuwar Amurka, wanda shi ne ya mamaye yawancin gidaje a yau.

Sai an san abin da ake yaƙi da shi za a gane bambancin waɗannan buhuna. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar busassun wurare, don haka ƙodarta ta ƙware wajen tattalin ruwa. Fitsarinta kaɗan ne, amma mai kauri. Sabon fitsari ba shi da zarni sosai. Zarnin yana zuwa ne bayan ƙwayoyin bakteriya sun farfasa sinadarin yuriya da ke ciki sun mayar da shi amoniya, abin nan da ke yaji a ido. Akwai kuma wani sinadari na kyanwoyi mai suna felinin, wanda in ya jima yake sakin wari mai alaƙa da farar wuta, kuma ya fi yawa a fitsarin muzurun da ba a dandaƙe ba. Wato dai wari lokaci yake buƙata. Saboda haka kowane irin yashi ɗaya yake yi cikin abubuwa uku: ko ya ba ka damar fitar da fitsarin kafin ya lalace, ko ya busar da shi, ko ya rufe shi da turare. Na farko ya fi aiki, na biyu yana yi zuwa wani lokaci. Na uku ba ya magance komai.

Tsohon yumɓun Lowe, wanda ba ya dunƙulewa, har yanzu yana nan. Tsotsewa kawai yake yi. Kashi kana iya kwashewa, amma fitsari yana bazuwa ya gangara ƙasan roba ya zauna. In ya ƙoshi sai a juye shi gaba ɗaya, sau ɗaya a mako ko fiye. Shi ya fi araha a buhu, sai dai in ka lissafa yawan juyewar, sau da yawa arahar ba ta kai yadda ta nuna ba.

Mai dunƙulewa ana yin sa ne da bentonait, yumɓun da asalinsa tokar dutse mai aman wuta ce da ta daɗe. Irinsa mai sinadarin sodiyom, wanda jihar Wayomin ta Amurka ta shahara da haƙarsa, in ruwa ya taɓa shi yana kumbura ninki da yawa, ƙwayoyin su manne da juna. Kyanwa ta yi fitsari, cikin ɗan lokaci ya zama curi guda. Ka sa ɗan cebur mai huji-huji ka ɗauke, sauran ya zube ta hujin yana nan a bushe. Fitsarin ya bar gidan kafin ya zama amoniya. Wannan ita ce hikimarsa gaba ɗaya, kuma babba ce.

Ingancinsa a cebur ake gane shi. Ɗauko curin ka ɗan girgiza. Mai kyau zai tsaya kamar dutse. Mai rauni zai farfashe, 'yan gutsattsarin da suka sha fitsari su koma cikin roba ta hujin cebur, kuma su ne za su fara zarni bayan kwana uku alhali kana kwashewa kullum, har ka rasa inda warin yake fitowa. Ƙura ma kana iya gwada ta da kanka. Tsaya kusa da taga da rana ka zuba shi daga ɗan sama, ka dubi abin da ya tashi a cikin hasken. Abin da ka gani, shi kyanwar ke shaƙa duk lokacin da ta tona, kuma hancinta ya fi naka kusa.

Aibunsa ba ɓoyayye ba ne. Nauyi gare shi, wanda ke hawa bene da buhu ya sani. Yana bin dagi ya watsu a ɗaki. Ba ya ruɓewa, kuma haƙarsa sai an yaye saman ƙasa. Sannan ko da wasa kada ya shiga masai mai ruwa, don abin da ya sa yake dunƙulewa a roba shi zai sa ya toshe bututu kamar siminti. Akwai wanda aka rage wa nauyi ta hanyar gauraya shi da wasu abubuwa marasa nauyi. Ya fi sauƙin ɗauka, amma ya fi saurin bin ƙafa.

Na silika ɗan'uwan 'yan ƙullin nan ne da ake samu a kwalin sabon takalmi don hana laima. Kowace ƙwaya cike take da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Tana jan fitsari ciki, ruwan ya bi iska a hankali, abin wari ya zauna a ramukan. Ba shi da nauyi, ƙurarsa kaɗan ce, kuma a makon farko da ƙyar za ka ji komai. Amma sai ana kwashe kashi ana kuma juya shi kullum, in ba haka ba gefen da kyanwar ta fi so zai ƙoshi shi kaɗai. Ranar da ya koma rawaya ya gama aiki, fitsari zai fara kwanciya a ƙasa, kuma warin ba ya zuwa a hankali, lokaci guda yake bayyana. Wata gudan da ake rubutawa a buhu lissafin kyanwa ɗaya ce a busasshiyar iska. Da kyanwa biyu, ko a lokacin laima, ba ya kaiwa. Masu manyan ƙwayoyi kuma kaifi gare su a ƙarƙashin dagi. Za ka ga kyanwa ta ɗora ƙafafu huɗu a bakin roba tana lilo don kada ta taka. Wannan ba wasa take yi ba, ƙorafi ne.

Na tsirrai su ne suka fi yawan iri, kuma ba halinsu ɗaya ba. Na katako mai dogayen ƙwayoyi aikinsa akasin na yumɓu ne: in ya jiƙe wargajewa yake yi ya koma gari. Shi ya sa yake son roba mai hawa biyu, ta sama kamar rariya, garin ya riƙa zuba ƙasa. Yana danne zarni da kyau, amma ba ya rufe kashi sosai, kuma kyanwoyi da yawa ba sa son taurinsa. A sayi wanda aka yi don dabbobi aka gasa shi ya bushe, domin ɗanyen itace mai ƙamshi yana da mayukan da hantar kyanwa ba ta iya sarrafawa da sauƙi. Garin katakon kafinta kuwa ba ka san abin da aka shafa wa itacen ba. Na takarda laushi gare shi, ba ya ƙura, ba ya mannewa a rauni, amma wajen wari shi ne na baya, sai an yawaita canzawa.

Na masara, alkama, rogo da waken suya sitacin da ke cikinsu ne yake sa su dunƙule. Ba su da nauyi, suna ruɓewa, wasunsu kuma laushinsu ya yi kusa da na yashi, don haka kyanwa kan karɓe su ba gardama. Matsalarsu guda ce, asalinsu abinci ne. Abin da ke son hatsi yana son su: ƙwari, ɓera, wani lokaci karen gida, wani lokaci ita kanta kyanwar. In laima ta kama su suna yin fumfuna, kuma fumfunar masara na iya haifar da gubar aflatoksin. Duk buhun da ka buɗe ka ji yana tsami ko warin ruma, kada ka zuba. A ajiye shi a rufe, a busasshen wuri.

To ita kyanwar me take so? Yawancinsu amsa ɗaya suke bayarwa: mai ƙananan ƙwayoyi, mai laushi kamar rairayi, marar ƙamshi. Dabbar da kakanninta suka binne kashinsu a rairayi abin da dagi ya saba da shi take nema. Batun ƙamshi kuwa shi ne inda na fi jin takaici, don na gani da idona. Na taɓa sayen wani mai turaren furanni saboda baƙi da za su kwana biyu. Kyanwar da ba ta taɓa ɓata wuri ba ta je bakin roba, ta miƙa wuya ta shinshina, ta yi atishawa, ta ja da baya. Wuni guda tana kai-komo tana kuka ƙasa-ƙasa. Da dare ta yi a kan tawul ɗin banɗaki, ta riƙa jan gefensa da dagi tana ƙoƙarin rufewa. Tsaftar ba ta bar ta ba, wurin ne ya fi ƙarfinta. Hancinta ya fi namu ƙarfi nesa ba kusa ba, abin da muke ji ɗan ƙamshi ita shaƙe ta yake yi. Kuma turare ba ya kawar da amoniya, haɗuwa suke yi su ba da wani wari na uku da ya fi kowannensu muni. In ana son taimako wajen wari, wanda aka gauraya da gawayi ya fi, tunda shi tsotsewa yake yi ba rufewa ba.

Mutane kan ce kyanwa ta yi fitsari a gado don ramuwar gayya. Ba ta san wannan ba. Ko dai wurin ya ƙi ta, ko jikinta ba daɗi. Bugun ta ba ya gyara ko ɗaya daga ciki, sai dai ya ƙara mata tsoron da zai sa ta nemi lungun da ba za ka gani ba.

Akwai lokutan da lafiya ce ke zaɓa, ba ra'ayi ba. 'Yan kyanwa suna fara shiga roba tun suna da mako 3 zuwa 4, kuma komai suka gani sai sun kai baki. Abin da ke kumbura in ya jiƙe bai dace da wannan ɗan cikin ba, don haka a ba su na takarda ko wani marar dunƙulewa har su kai wata uku ko huɗu. Wadda aka yi wa tiyata, ko mai rauni a ƙafa, ita ma na takarda, har ɗinkin ya warke. Mai asma, wadda za ka ga ta miƙe wuya ta durƙusa tana tari, a nisanta ta da ƙura da ƙamshi baki ɗaya. Tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi tana son mai laushi da roba mai gajeren baki. Mai dogon gashi kuma a riƙa duba bayan cinyoyinta da tsakanin yatsu, don yumɓu kan daskare a wurin. Babbar kyanwa da ta fara cin yashi haka kawai a kai ta wurin likitan dabbobi, domin yakan zama alamar ƙarancin jini.

Ga wanda ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan dalilai, ni dai mai dunƙulewa marar ƙamshi nake ba da shawara, na yumɓu ne ko na tsirrai. Dalilina ya wuce tsafta. Kyanwa gwana ce wajen ɓoye ciwo, tana iya yin watanni da cuta tana cin abinci tana wasa. Amma curin da kake kwashewa kullum ba ya ɓoye komai. Lafiyayyar kyanwa takan yi fitsari sau biyu zuwa huɗu a yini, kuma bayan mako biyu hannunka zai san girma da nauyin nata. Ranar da curin ya fara ninka girmansa, kwanon ruwa kuma yana saurin ƙarewa, to ana tunanin ciwon ƙoda, ciwon suga, ko matsalar maƙoƙo, cututtukan da suka fi kama tsofaffi kuma gano su da wuri yana da amfani ƙwarai. In kuma ka ga 'yan ƙanana-ƙanana barkatai kamar tsakuwa, tana shiga tana fita, mafitsara ce ke damunta. Yashi mai hasken launi yana nuna jini, mai duhu yana ɓoye shi.

Wanda ya fi kowanne haɗari shi ne muzurun da ke shiga roba yana yunƙuri, yana kuka, yana lasar gabansa, ka duba ka ga ba komai. Hanyar fitsarin namiji siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya, kuma hakan na iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku. Ba a jiran gari ya waye. Mutane da yawa sukan ɗauka taurin ciki ne su bar shi zuwa gobe. A robar silika ko ta katako, inda fitsari ke ɓacewa, da wuya ka gane cewa tun jiya bai yi ba. Akwai silikar da ke canza launi gwargwadon yanayin fitsari, tana iya ankarar da mutum, amma ba ta zama madadin gwajin likita.

Sai batun zubarwa. Wasu buhunan na tsirrai suna cewa ana iya kora su a masai. Ko bututu ya yarda, akwai dalilin ƙi. Kyanwa ce dabbar da ƙwayar cutar Toxoplasma gondii ke kammala rayuwarta a hanjinta, ƙwayayenta suna fita a kashi, kuma tace ruwan ƙazanta ba lallai ya kashe su ba. An same ta a jikin karnukan ruwa na gaɓar tekun Kalifoniya, har jihar ta yi doka a 2006 da ta tilasta rubuta gargaɗi a buhunan yashin kyanwa. A ƙulle a leda a sa a shara. Takin da aka yi da shi kuma kada ya je kusa da abin da za a ci. Ƙwayayen nan sai sun yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin su iya kama mutum, saboda haka kwashewa kullum kariya ce ta gaske. Mai juna biyu da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni su bar wa wani aikin. In ba yadda za a yi, a sa safar hannu a wanke hannu da sabulu. Ba sai an rabu da kyanwar ba. Wadda ba ta farauta, ba a kuma ba ta ɗanyen nama, da wuya ta ɗauko cutar.

Sau da yawa ana ɗora wa yashi laifin roba. Tsawon roba ya kamata ya kai ɗaya da rabi na jikin kyanwar, daga hanci zuwa gindin wutsiya, don ta samu wurin juyawa. Yawancin waɗanda ake sayarwa ba su kai ba. Zurfin yashi santimita 5 zuwa 7, mai dunƙulewa kuma gara ya fi kusa da 7, don in ya yi kaɗan fitsari zai kai ƙasa ya manne kamar kwaɓaɓɓiyar laka. Yawan robobi shi ne yawan kyanwoyi a ƙara ɗaya, a wurare daban-daban, nesa da kwanon abinci da injin wanki mai firgitarwa. Mai murfi tana ɓoye wari daga gare ka ta tara mata shi a ciki. Wajen wanki ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi sun isa. Kada a zuba bilic, ruwan wankin nan mai sa tufafi fari, a kan fitsari, haɗuwarsa da amoniya na fitar da iska mai guba. Magungunan wanke ƙasa masu sinadarin fenol, irin waɗanda ke mayar da ruwa fari kamar madara, guba ne ga kyanwa.

In za a sauya iri, ba a juye tsoho a zuba sabo rana ɗaya. A fara da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon a gauraya, bayan kwana biyu ko uku a kai rabi, a haka har mako guda ko kwana goma. Tsakanin yumɓu da katako gaurayawa ba ta yi, tunda ɗaya dunƙulewa yake ɗaya wargajewa, sai dai a shimfiɗa sabon a ƙasa a rufe shi da siririn tsohon, a riƙa rage na saman.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a tambaye ta kai tsaye. Samo robobi biyu iri ɗaya, ka ajiye su gefe da gefe, zurfi ɗaya, kowacce da nata yashin. Kullum ka kwashe ka rubuta wacce aka yi amfani da ita, fitsari daban, kashi daban, don wasu sukan raba. Bayan kwana huɗu ka musanya musu wuri, kada ya zama kusurwar ce take so ba abin da ke ciki ba. Ka kuma tsaya ka kalle ta ko sau ɗaya. Wadda ta gamsu takan shiga da jikinta duka, ta zagaya, ta tona rami, ta gama ta juyo ta shinshina ta rufe a natse. Wadda ba ta gamsu ba takan tsaya a gefe, ta karci bango ko ƙasan ɗaki maimakon yashin, ta yi tsalle ta fice tana yarfe dagi. Cikin mako guda lissafin zai karkata gefe ɗaya, sai ka cika roba ta biyu da wanda ya yi rinjaye.